Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Birnin Aberdeen a kan filin shaƙatawa na St Fittick

Zuwa ga masu girma kansilolin Majalisar Birnin Aberdeen,
Marischal College, Broad Street.

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ni mazaunin unguwar Torry ne, ɗan Najeriya, ɗaya daga cikin baƙin da karatu ya kawo wannan birni, aiki kuma ya riƙe su. Ina biyan harajin gida kamar kowa, sunana kuma yana cikin rajistar masu zaɓe ta mazaɓar Torry da Ferryhill. Na rubuto ne a kan filin shaƙatawa na St Fittick, wanda aka ware wani sashe nasa domin gina masana'antu a ƙarƙashin shirin sauya makamashi daga mai zuwa irin su lantarkin iska, wanda ake kira ETZ. Roƙona guda ne: filin nan mallakar majalisa ne, yana hannunku, kada ku miƙa shi. Na yi maganar da Hausa ne saboda akwai 'yan'uwana da dama a garin nan da ke wucewa ta gefen filin safe da yamma ba su san wainar da ake toyawa ba. Wasu kuma sun sani, amma suna ganin rigimar 'yan gari ce, ba ruwan baƙo. Alhali 'ya'yanmu na cikin yaran da ke guje-guje a wurin.

Na san a taswirar da ke gabanku wurin yana da lamba, OP56, a cikin tsarin raya birni da kuka amince da shi a 2023. A takarda, wani koren fili ne kawai da ke jingine da sabuwar tashar jiragen ruwa, kuma duk wanda ya kalle shi daga kan tebur zai ce ai asara ce a bar shi haka. Don haka ku yi haƙuri in bi da ku a ƙafa.

Daga ofishinku zuwa Torry ba wata tafiya ba ce. Mutum ya gangara Market Street, ya wuce jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai na teku suna jere a bakin tasha, ya hau gadar Victoria, shi ke nan ya haye kogin Dee. Gadar nan ma sai da aka yi asarar rayuka kafin a gina ta. A watan Afrilu na 1876 jirgin fito ya kife a kogin, mutum 32 suka rasu, sannan aka buɗe gada a 1881. A 1891 aka haɗe Torry da Aberdeen. Kafin nan garin masunta ne mai cin gashin kansa, a wata gunduma daban, kuma har gobe in ka zauna da tsofaffin unguwar za ka ji wannan a bakinsu: su mutanen Torry ne tukuna, sannan mutanen Aberdeen.

Da an sauka daga gada sai Victoria Road, babban titin unguwar, yana hawa tudu a hankali. Hagu da dama gidajen bene ne masu hawa uku ko huɗu, na dutsen nan mai ruwan toka da Aberdeen ta yi suna da shi, wanda in rana ta fito sai ya riƙa ƙyalli, in hadari ya haɗo kuma titi duka ya yi fuskar shanu. A ƙasan benayen akwai kantunan 'yan Poland, da masu soya kifi da dankali, da shagon aski, da kantin magani. Tsuntsayen teku kuwa sun mallake rufin gidaje, ba sa tsoron kowa, in ka yi sake sai su fizge abin da ke hannunka. Abin da nake so ku lura da shi a titin nan da maƙwabtansa, irin su Menzies Road da Walker Road, shi ne yawancin gidajen ba su da tsakar gida. Iyali guda suna hawa na uku, ɗakuna biyu, ga yara. Ɗan filin da ke baya na shanya ne, na mutanen bene duka. In aka ci gaba zuwa Balnagask, inda gidajen majalisa suke, labarin bai sauya ba sai dai fasalin gini.

A ƙarshen Balnagask ɗin ne ƙasa ke gangarawa ta buɗe. Wannan shi ne filin St Fittick: kwari ne mai faɗi, gidaje a arewa, layin dogo mai zuwa Dundee da Edinbura a kudu, teku a gabas. Akwai wurin wasan yara, da hanyoyin ƙafa da ake iya tura keken jariri ko keken guragu a kai, da ɗan kurmin bishiyoyi da suka fara yin inuwa. Amma abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne rafin East Tullos.

Ina roƙon duk kansilan da zai kaɗa ƙuri'a a kan filin nan ya je ya tsaya a bakin kwalbatin da rafin ke fitowa. Ruwan yana biyowa ne ta ƙarƙashin rukunin masana'antu na East Tullos, don haka yakan fito da launi irin na ruwan wanki, wani lokaci da maiƙo yana yawo a kansa. Daga nan sai a bi shi sannu a hankali. Yana lanƙwasa, ya shiga wani ɗan tafki, ya ratsa cikin dogayen ciyayin fadama, ya sake faɗawa wani tafkin. Ciyayin nan su ne matata. Laka da dauɗa suna kwantawa, ruwan yana washewa, har ka kai inda agwagwar ruwa ke iyo da 'ya'yanta a jere, zalɓe kuma yana tsaye da ƙafa ɗaya yana dakon abin da zai cafka. Mai sammako yakan yi kiciɓis da barewa ta fito daga cikin bishiyoyi. Kafin 2014 duk wannan babu shi. Rafin miƙaƙƙen lambatu ne mai ɗoyi. Majalisar nan taku, tare da hukumar kare muhalli ta Sikotilan da mutanen unguwa, ita ta tsaya aka karkata shi, aka haƙa tafkunan, aka yi shuka. Aikin ya samu yabo har da lambar girmamawa. Ko shekara 10 bai cika ba aka zana masa lamba a taswira a matsayin filin gini. Wannan abu yana ɗaure mini kai: hannun da ya dasa shi ne kuma ke auna inda za a tuge.

A gefen filin akwai kangon cocin St Fittick, ba rufi, kaburbura kewaye da shi. An keɓe shi domin ibada tun 1242, aka daina amfani da shi a 1829. Labarin baka ya ce waliyyin da aka sa wa cocin sunansa jirginsa ne ya fashe a wannan gaɓar, ya tsira. Ni ba addinina ba ne, amma na taso a inda ba a wasa da maƙabarta. Duwatsun kaburburan nan, waɗanda iskar gishiri ta cinye rubutun wasu, kakannin maƙwabtana ne, masunta da iyalansu. An ce ba za a taɓa cocin ba, na yarda. Amma coci mai shekara kusan 800 da aka kewaye da shingen ƙarfe da rumfunan masana'anta ya zama wani abu daban.

In aka bi St Fitticks Road zuwa gaɓa za a tarar da hasumiyar fitila ta Girdle Ness, wadda Robert Stevenson ya gina a 1833, sannan a zagaya ta Greyhope Road zuwa Torry Battery, tsohon sansanin igwa na wajajen 1860. A nan ne mutane ke zama da kofin shayi suna kallon dabbobin dolfin suna tsalle a bakin tasha, a tsakanin jiragen mai masu shiga da fita. Ba kasafai ake samun birnin da za ka ga irin wannan daga bakin titi ba. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka ina zana Torry a matsayin wurin tausayi. Unguwa ce mai kyau, Allah ya yi mata baiwa. Matsalarta ita ce duk lokacin da birni ya buƙaci wurin ajiye wani abu mai nauyi, nan ake tunawa.

Ga lissafin, kuma babu ko ɗaya a ciki da ba ku sani ba. A farkon shekarun 1970, da aka samu mai a Tekun Arewa, aka rushe mafi yawan tsohuwar Torry, ƙauyen masunta na asali da ke bakin kogi, domin a samar wa kamfanonin mai wurin sauke kaya. Aka watsa iyalai cikin gari. A kan tudun kudu aka yi shekaru ana jibge sharar birni. A bakin gaɓar Nigg aka kafa matatar ruwan masai, wadda warinta ya yi ƙaurin suna har jaridun gari suka laƙaba masa suna. A 2017 aka fara gina sabuwar tashar jiragen ruwa ta kudu, aikin fam miliyan 420, aka buɗe ta a hukumance a 2023. Ita ce ta haɗiye gaɓar Nigg, inda tsofaffin unguwa suka yi wasan ƙuruciyarsu. Yanzu manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido suna tsayawa a wurin, motoci su kwashi fasinja su wuce da su kallon fadojin da ke saman kogin Dee. A 2023 ɗin dai injin ƙona shara na East Tullos ya fara aiki, wanda aka gina domin ya ƙona tan 150,000 a shekara, sharar Aberdeen da Aberdeenshire da Moray gaba ɗaya, kuma bututun hayaƙinsa yana kallon makarantar firamare ta Tullos. A shekarar ce kuma aka rufe gonar Doonies, inda ake kai yara su ga tumaki da dawaki da shanu irin na da, saboda ita ma filinta ya faɗa cikin taswirar ETZ. Ana cikin haka sai ga maganar kankaren nan mai raunin gaske da ake kira RAAC a rufin gidaje sama da 500 a Balnagask. A 2024 kuka yanke shawarar a kwashe mutane a rushe gidajen. Wannan ba laifin kansilolin yau ba ne, gini ne na shekarun 1960. Amma ku dubi yadda abin yake a idon mutumin da aka ce ya tattara kayansa ya bar gidan da ya tsufa a ciki, ya leƙa taga kuma ya ga ana auna filin da yake miƙe ƙafa. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Arzikin mai ya gina manyan gidaje a Cults da Bieldside da Rubislaw. Torry kuwa, wadda aka rushe domin man ya samu hanyar shigowa, har yau tana cikin unguwannin da ƙididdigar gwamnatin Sikotilan ta sa a sahun masu fama da talauci.

Ba zan yi muku rashin adalci ba. Na san halin da garin nan ke ciki. Tun faɗuwar farashin mai ta 2014 ayyuka ke zubewa, kuma duk wanda ya bi Union Street ya ƙirga shagunan da ke rufe ya san akwai damuwa. Ni ma da yawa daga cikin abokaina injiniyoyi ne da mai ya kawo, wasunsu sun riga sun tattara sun koma wasu ƙasashe. Man Tekun Arewa yana ƙarewa, dole a nemi abin da zai gaje shi. Hujjar kamfanin ETZ, wanda Sir Ian Wood, attajirin harkar mai na garin nan, ke jagoranta, kuma gwamnatocin Birtaniya da Sikotilan suka zuba masa fam miliyan 53, ita ce: kayan injinan samar da lantarki daga iskar teku suna da girma da nauyin da ba a iya jan su a kan titi, don haka dole masana'antarsu ta kasance a bakin tasha. Sun ce kusan kashi ɗaya cikin uku na filin kawai za a ɗauka, za a karkatar da rafin, a gyara abin da ya rage, a ƙara ƙananan wuraren shaƙatawa a cikin unguwa. Ban ce masu wannan magana mugaye ba ne. Na ce lissafinsu bai cika ba.

Kashi ɗaya cikin uku a baki yana da sauƙi. Amma wane kashi? Ba busasshen gefen da ba a zuwa ba ne, ɓangaren da ya haɗa da bishiyoyi da hanyar ruwa ne. Fadama kuwa ba tabarma ba ce da za a naɗe a shimfiɗa a wani wuri. Ta ɗauki shekaru kafin ciyayi su kama, ƙwari su zo, tsuntsaye su biyo su. Sannan ragowar kashi biyun za su wayi gari a jikin katangar masana'anta, da fitilu masu kwana a kunne, da ƙarar ƙarafa, da manyan motoci. Uwar da ke kai ɗanta can don ta samu sararin numfashi, me za ta je yi kuma?

Ni mutumin Kano ne, kuma na ga abin da ya faru da kududdufan birninmu. Ɗaya bayan ɗaya aka cike su aka yi shaguna da gidaje, kowane da hujjarsa mai kyau, kowane an ce ai ɗan kaɗan ne. Yau in aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwan yana neman tsohon gidansa, sai ya same shi a ɗakunan mutane. Filin St Fittick kwari ne, nan ruwan tudun da ke kewaye yake taruwa. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin bayan kwana biyu ana ruwa ya ga yadda tafkunan ke cika su malala cikin ciyawa, ba tare da sun cuci kowa ba.

Sai kuma maganar cewa ai akwai wasu wuraren. An ce ga filin wasan golf na Balnagask. Gaskiya ne kore ne, amma ba wurin da za a saki yaro ɗan shekara huɗu ba ne, ƙwallo na shawagi. An ce ga tudun Tullos, mai tsofaffin tarin duwatsu na mutanen da. Wuri ne mai kyau ga mai ƙarfin gwiwa, amma yana hayin layin dogo, hawa ne, kuma dattijuwa mai sanda ba za ta kai ba. An ce ga Duthie Park. Wannan sai an haye kogi. A watan Disamba a garin nan rana ba ta fitowa sai tara saura, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Macen da ta kwana tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta dawo ta ɗan runtsa, ta ɗauko yara daga makaranta ƙarfe uku, abin da ya rage mata na haske bai kai awa ɗaya ba. Ba ta da mota. Filin da za ta iya kaiwa a ƙafa cikin minti biyar shi ne filinta, sauran duk labari ne. Likitocin da ke aiki a unguwar sun rubuta muku a fili cewa tazarar tsawon rai tsakanin mutanen wannan yanki da na unguwannin masu hali ta haura shekara 10, kuma sun ce rage filin zai ƙara wa marasa lafiyarsu ciwo. Su ne ke ganin masu asma da hawan jini da ciwon damuwa kullum. In ba a saurari baƙo irina ba, ai a saurare su.

Tun da na ambaci Duthie Park, bari in yi tambayar da kowa a Torry ke yi. Filin nan da Elizabeth Duthie ta ba birni kyauta, aka buɗe a 1883, da lambunsa na cikin gilashi da ake alfahari da shi, wa zai iya miƙewa a zauren majalisa ya ce a yanki kashi ɗaya cikin uku nasa a yi masana'anta, za a gyara ragowar? Ko Hazlehead? Ko Seaton? Kafin ya zauna an cinye shi ɗanye. Abin da ba za a iya furtawa a kan filin masu hali ba, bai kamata ya zama abin tattaunawa a kan filin talaka ba.

Kuma ba a rasa ƙasa ba. Rukunin masana'antu na Altens da na East Tullos suna nan dab da tashar, da yadudduka da rumfunan da kamfanonin mai suka bari. Na san gyara tsohon fili ya fi tsada da wahala, sai an yi ciniki da masu shi, sai an share, wataƙila sai an faɗaɗa hanya. Filin shaƙatawa kuwa na majalisa ne, shimfiɗaɗɗe, ba mai shi da zai ja farashi. A ganina wannan sauƙin ne ya sa ido ya faɗa kansa. To amma araha ce ga mai gini kawai, domin akwai masu biyan cikon, kuma ba a tambaye su ba. Gwamnatin Sikotilan ta yi alkawarin fam miliyan 500 cikin shekara 10 domin a yi wannan sauyi na makamashi bisa adalci a arewa maso gabas da Moray. Idan kalmar adalci tana da ma'ana a nan, to irin wannan gurbin ne ya kamata kuɗin ya cike: a biya tsadar gyara tsohon fili, a bar wa mutane nasu.

Na san za a ce ai magana ta wuce, kwamitin tsare-tsare ya ba da izinin farko a watan Nuwamba na 2024, kotu kuma ta yi watsi da ƙarar da wani mazaunin unguwa ya shigar, har da ɗaukaka ƙarar. Haka ne. Amma a duba abin da babbar kotun Edinbura ta ce. Ba ta ce gina masana'anta a filin daidai ne ba. Abin da aka kai gabanta shi ne matakin da majalisa ta ɗauka a 2023 ba tare da auna yadda abin zai shafi masu rauni ba, ita kuma ta karɓi hujjarku cewa wancan matakin na share fage ne, ba a kai ga yanke hukunci ba tukuna. To madalla. Da bakinku kuka ce ba ku yanke ba. Izinin tsari daban, miƙa ƙasa daban. Na farko aikin kwamiti ne da ke bin ƙa'idojin gini, na biyu kuwa shawarar mai ƙasa ce, kuma mai ƙasa yana da ikon cewa a'a ko da an zo masa da takardu cikakku.

Majalisar nan ta taɓa yin haka. A 2012, bayan Sir Ian Wood ya yi tayin fam miliyan 50 domin a sauya fasalin lambun Union Terrace da ke tsakiyar gari, har an yi ƙuri'ar jin ra'ayi masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar, amma kansiloli suka ƙi. An sha surutu, an ce Aberdeen ta yi wa kanta. Daga baya aka gyara lambun, aka sake buɗe shi a ƙarshen 2022, yau ga shi nan mutane na zama a ciki. Ko mutum ya yarda da waccan shawara ko bai yarda ba, ta nuna cewa zauren nan ya san yadda ake duban mai kuɗi da kyakkyawar niyya a ce masa an gode, amma ban da nan. Lambun tsakiyar gari ya samu masu tsaya masa. Na Torry ma yana da su, ƙungiyar abokan filin St Fittick ta yi shekaru tana fama, da taro da takarda da zanga-zangar lumana. Abin da suka rasa shi ne rinjaye a cikin ku 45.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Kada a ba da hayar filin ko a sayar da ko taku ɗaya nasa. Idan kuwa kun ƙi ji, kun dage sai an yi, to aƙalla kada a sare bishiya ɗaya ko a taɓa rafin sai an fito da sunan kamfanin da zai zauna a wurin, da yawan ayyukan da zai kawo, da nawa ne daga ciki za su je hannun 'yan Torry, da dalilin da ya sa Altens ba za ta ishe shi ba. A rubuce, a bainar jama'a. Abin da muke tsoro shi ne a share fili a zuba kankare domin jiran mai zuwa, shekara biyar ta wuce, a ƙare da wurin ajiye kwantena. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma mutanen nan sun ji alkawarin ayyuka tun zamanin da aka rushe tsohuwar Torry. A kuma yi cikakken binciken yadda abin zai shafi lafiya da rayuwar masu ƙaramin ƙarfi, a buga shi kafin ƙuri'a, ba bayanta ba. Zaman da za a yanke hukuncin kuma a yi shi a Torry, da yamma bayan an tashi aiki, a zauren makarantar Greyhope ko wani wuri makamancinsa, yadda mai aikin dare da mai goyo za su iya halarta. Tuntuɓar jama'a da ake yi a intanet da Turancin ofis ba ta kaiwa ga rabin mutanen Victoria Road, inda za ka ji harsuna biyar kafin ka kai tashar bas.

Akwai kuma hanyar da ta fi duk wannan. Dokar ƙarfafa al'umma ta Sikotilan ta 2015 ta ba ƙungiyoyin unguwa damar neman a miƙa musu filin hukuma su riƙe. Ku cire lambar OP56 daga tsarin raya birni na gaba, ku zauna da mutanen Torry a kan yadda za su karɓi amanar filin da kansu, majalisa tana tallafa musu da kula da rafin.

Ga 'yan'uwana da ke karanta wannan a Aberdeen kuwa, kalma ɗaya. Tun 2020 doka ta ba duk baƙon da ke zaune a Sikotilan bisa ƙa'ida damar kaɗa ƙuri'a a zaɓen kansiloli da na majalisar dokokin Sikotilan, ko ɗalibi ne ko ma'aikaci. Rajista ba ta cin minti goma. Zaɓen kansiloli na gaba a watan Mayu na 2027 ne, kuma mazaɓar Torry da Ferryhill kujeru huɗu gare ta. Masu girma kansiloli, duk wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa neman ƙuri'a, tambayar farko da zan yi masa ita ce ina ya tsaya a kan filin St Fittick, kuma zan duba rajistar zaman majalisa in ga ko abin da ya faɗa mini shi ne abin da ya kaɗa.

Na gode da lokacinku. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mazaunin Torry, Aberdeen.